Akwatin da Ya Buga Ƙofa Sau Ɗari Bakwai da Tamanin da Huɗu

Alhamis, 8 ga wata

Yaya Mai Waya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan matsa mata, amma an ce mini da sauƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina a wannan zamani. Ba laifina ba ne. Wata bakwai ke nan da kika bar asibitin nan, duk na buga wayarki ba ta shiga, sai daga baya na gane toshe lambata kika yi. Saƙon kwamfuta ma ba kya amsawa. Shi ya sa na ba direban motar da ke zuwa wajenku ran Litinin da Alhamis wannan takarda. Ko ba komai kakanninmu ciki ɗaya suka fito, bai kamata maganar ofis ta raba mu ba. Ni rahoto kawai na rubuta a kan tsarin aikinki, ba ni na ce Darakta ya ba ni kujerarki ba.

Ga abin da ya faru. Ran Juma'a, biyu ga wata, injin babban firjin sito ya mutu. Ba wanda ya sani sai ran Litinin da safe da Baba Mai Sito ya buɗe, ya tarar da alluran rigakafi da insulin duk sun yi ɗumi. Da kwali aka kwashe su aka zubar. Kin san ɗan akwatin ƙararrawar da kika liƙa a gefen firjin, wanda aka ce yana tura saƙo zuwa wayar mai jiran aiki idan sanyi ya ragu? To, ko uffan bai ce ba. An dakatar da Baba Mai Sito, kwamiti zai zauna a kansa ran Litinin, ashirin da shida ga wata, ƙarfe goma. Magana ta gaskiya korarsa za a yi. Yana ta rantsuwa wai ya bar koriyar fitila tana ci. Tsoho ne, wanda har yanzu da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, na tabbata ya zare wayar akwatin ya sa cajin wayarsa ya manta.

Darakta ya ce in kawo shaida cewa layin sadarwar asibiti ba shi da laifi. Ni na san ba shi da shi, don wata biyu da suka wuce na yi masa shara ta gaske. Manhajar nan da ke tantance wace na'ura za ta shiga layi, wadda kike kira Mai Gadi, na tarar kin cika mata jeri da tarkace. Na kafa doka irin ta wuraren da aka ci gaba: duk na'urar da ta yi kwana talatin ba ta yi magana ba, a share ta. Matattu sittin da ɗaya na fitar. Yanzu jerin tsaf yake, kina kallo kin san mai ilimi ya taɓa shi.

Abu biyu nake so. Na farko, ki rubuto mini layi biyu da sa hannunki cewa akwatin nan dama can ba abin dogaro ba ne, tunda ke kika sa shi. Na biyu, wayar gaggawa ta cikin lif ta daina shiga, ban san wace irin ƙulla-ƙulla kika yi mata ba. Baƙin littafin nan naki da kika ba ni ranar miƙa aiki yana nan, amma ni ba na iya karanta rubutun hannu. Na ɗora allon kwamfutata a kai, ya ɗaga mini shi daidai ido, kin ga ya yi amfani.

A gaida kowa.
Ƙaninki, Injiniya

Litinin, 12 ga wata

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Ƙafar Gwaggo kuwa ba da sauƙi ba, jiya na yi waya da ita. Kai da kuke gari ɗaya kana jin labarin mahaifiyarka a bakin "an ce".

Na karanta takardarka sau biyu. Karo na farko na yi dariya har mai shara ta leƙo ofishina. Karo na biyu ban yi ba, saboda na kai wurin da ka ce matattu sittin da ɗaya.

Kai yanzu da duk takardun shaidar da ka jera a bango, ba wanda ya taɓa gaya maka akwai na'urar da aikinta ke nan ta yi shiru? Akwatin firjin nan barci yake yi. Ba ya neman shiga layi sai zafin cikin firji ya haura takwas, sannan ya farka ya buga ƙofa. Ba shi da allo, ba shi da wurin sa kalmar sirri, Mai Gadi da lambar jikinsa kawai yake gane shi. Ka share lambar, ka mai da shi baƙo. Koriyar fitilar da Baba yake rantsuwa a kanta gaskiya ce, ita dai tana nuna akwai wuta a jikinsa ne, ba ta san an kulle masa ƙofa ba. Wayar lif ma ba ƙulla-ƙulla ba ce. Wa ke kira daga cikin lif in bai maƙale ba?

Yanzu ka ajiye girman kai ka yi abin da zan gaya maka, yau, kafin ka ci abinci. Ka ɗaga allon kwamfutarka, wuyanka ba zai karye ba, ka zaro littafin da ka raina. Shafi na tara, da jan biro na rubuta "Masu shiru, kada a taɓa". A ciki akwai ƙararrawar matsin iskar numfashi ta ɗakin tiyata, akwai ta gobara, akwai maɓallin kiran nas na banɗakin ɗakin haihuwa. Ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ka mayar ka taka da ƙafarka ka je ka danna shi, ka ga saƙo ya iso. Wata biyu asibiti yana zaune a haka!

Daga nan ka buɗe rajistar waɗanda Mai Gadi ya kora. Ba ta waɗanda suka shiga ba, wadda na san ita kake kallo kullum don tana da kore tana faranta maka rai. Ɗayar, mai jan rubutu. Ka nemi Juma'a biyu ga wata, ka nemi lambar da ta ƙare da 47. In akwatin ya nemi shiga an hana shi, za ka gan shi a nan, da ƙarfe da minti, duk bayan minti biyar.

Ka kuma sani, rajistar nan kwana ashirin da ɗaya kawai take riƙewa, don saba, babbar kwamfutar ajiyar nan, ba ta da wuri, sau uku na rubuta a ƙara ba a yi ba. Tana cinye tsohon layi da kanta, ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka rubuta ran biyu ga wata zai fara gogewa ran Juma'a, ashirin da uku, kuma kafin kwamitinku ya zauna ran Litinin ba abin da zai rage.

Maganar sa hannu kuwa, ban san ko raini ne ko rashin kunya ba. Ni da Baba Mai Sito muke gwada akwatin nan duk wata uku, shi ya danna maɓalli, ni in riƙe wayar mai jiran aiki, bai taɓa ba mu kunya ba. Sau nawa ka gwada shi tun da na tafi? Kada ka amsa, na sani. Ka nemi wani ya sa maka hannu a ƙarya, ni nawa yana da aiki.

Lambarka tana nan a toshe, kuma ban yi nadama ba.

Yayarka

Alhamis, 15 ga wata

Yaya Mai Waya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kin huce. Ni ma kwana biyu kaina yana ciwo, aiki ya yi yawa.

Takardarki ta iso jiya. Ban ji daɗin kalamanki ba, amma na saba, tun muna yara bakinki haka yake. Dokar kwana talatin ba ni na ƙirƙiro ta ba, a littattafan da aka yarda da su a duniya take. Da kin rubuta bayanin na'urorin nan a cikin kwamfuta kamar yadda ake yi, ba a littafin da ya yi kama da na mai shagon gyaran rediyo ba, da ba a zo nan ba. Saboda haka in za a raba laifi, kema kina da kaso.

Duk da haka na duba shafi na tara. Na mayar da su. Na zagaya da kaina, na ce wa nas-nas binciken shekara nake yi, ba wanda ya gane komai. Lif ta dawo, iskar numfashi ta dawo, akwatin firjin ma yanzu yana tura saƙo. Baba Mai Sito ya taɓa zuwa mini sau biyu da maganar gwajin nan nasa, na ce masa sai na samu sarari. Mutum ne mai naci, komai sai ya mai da shi babba.

Rajistar mai jan rubutu ma na buɗe. E, akwai wasu layuka. Daga ƙarfe biyu da minti goma na ranar Juma'a zuwa bakwai da rabi na safiyar Litinin. Kwamfuta ta ƙirga su ɗari bakwai da tamanin da huɗu. Ban nuna wa kowa ba.

Yaya, da na sake karanta takardarki a natse sai na gane ki. Faɗan na sama ne kawai. Kin zauna kin lissafa mini ranar da rajistar za ta goge kanta, har kin ce kafin kwamiti ya zauna ba abin da zai rage. Na gane saƙon, kuma na gode da wannan rufin asiri. Jini ba wasa ba ne. Ba sai na goge komai da hannuna ba, ba sai na yi ƙarya ba. Ran Litinin in aka ce in buɗe, in buɗe, a ga babu komai. Na janye maganar sa hannun ma, ba a buƙatarsa.

Shi kuwa Baba, saura shekara ɗaya da rabi ya yi ritaya, dama hutu yake buƙata. Ni ina da yara uku da rayuwa a gabana. Wanda ya san aikinsa ai ba ya dogara da akwati, da ya leƙo ran Asabar ya taɓa firjin da hannu.

Na gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki, Injiniya

Litinin, 19 ga wata

Injiniya,

Lafiyarmu ƙalau, in ma ka damu ka sani. Ciwon kanka kuma Allah ya ƙara shi har sai ka gane daga inda yake fitowa.

Rufin asiri? Ni? Na ba ka ranar da gida zai rushe don ka fitar da mutumin da ke ciki, kai kuma ka ɗauko kujera ka zauna kallo, har kana yi mini godiya. Tun da nake ba a taɓa zagina irin wannan godiyar taka ba. Shekara huɗu kana ƙarƙashina, na ɗauka wawa ne kai mai son a ce masa Injiniya. Na yi haƙuri da wannan, kowane dangi yana da irinsa. Ban san akwai mugunta a ƙarƙashin wautar ba.

Bari in tuna maka waye Baba Mai Sito, tunda kai abin da ya wuce kwana talatin sharewa kake yi. Shekarar da wutar unguwarku ta yi wata guda a ɗauke, ina insulin ɗin Gwaggo ya zauna? A wannan firjin, a kwanon roba mai shuɗin murfi, da izinin da shi ya je ya roƙo. Kullum ya tashi aiki sai ya biya ya kai mata na ranar a cikin ƙanƙara. Kai lokacin kana wurin kwas ɗin da ya ba ka takardar da ke tsakiya a bangonka. Ranar da Gwaggo ta zo ofishina tana roƙo in sama maka aiki, shi ya kawo mata kujera. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da makullin sito, ko ƙwayar maganin ciwon kai ba a taɓa nema an rasa ba. Wannan mutumin kake so ya fita da sunan tsohon da ya zare ƙararrawa don cajin waya, jikokinsa su ji.

Wai da ya leƙo ran Asabar. Ai don kada ya leƙo ran Asabar aka sa akwatin. Ya yi nasa, akwatin ya yi nasa sau ɗari bakwai da tamanin da huɗu, wanda bai yi nasa ba yana zaune a ƙarƙashin fanka yana yaba tsabtar jerinsa.

Kada ka ji tsoro, ba zan kai ƙararka ba, don ba ni da hanya. Ranar da na miƙa makulli, kafin in kai bakin get ka rufe sunana a kwamfuta, wannan kam ka iya shi da sauri. In na rubuta wa Darakta, zai ce mai jin haushin an karɓe mata kujera ce, kuma rahotonka yana cikin durowarsa. Maganata a asibitin nan kai ka kashe ta. Saboda haka babu wanda zai tilasta maka, ni ma ba zan iya ba, kai kaɗai ne da allonka.

In da sauran mutum a jikinka, ga yadda ake yi. A saman rajistar, gefen dama, akwai wurin tacewa. Ka sa lambar akwatin, ka sa daga biyu zuwa biyar ga wata, ka fitar da shi fayil, ka kwafa a abu biyu daban, sannan ka buga a takarda. Ka haɗa da shafin da ke nuna ranar da aka share lambar da sunan wanda ya share. Aikin minti goma ne, ko ga mai danna kwamfuta da yatsa ɗaya.

Wannan takarda za ta same ka ran Laraba, ka ga kana da kwana biyu. In Juma'a ta wuce ba ka yi ba, kada ka sake wahalar da direba. Kuma ka daina sa "ƙaninki" a ƙasan takarda.

Mai Waya

Alhamis, 22 ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya, don na ji shiru. Jiya na je tasha sau biyu, aka ce motar ta lalace a hanya, ba a san ranar isowarta ba. Ban san ko kin rubuto ba, ko shirun ne amsarki. Na ɗauke shi a matsayin kin yarda da abin da na faɗa. Wannan zan ba wata motar.

Ba wani labari, sai wani ɗan abu da ya faru shekaran jiya, wanda ban san dalilin da ya sa nake gaya miki ba. Baba Mai Sito ya zo ɗaukar tabaransa da kofin shayinsa da ya bari a sito. Tun ranar da aka dakatar da shi ofishin ma'aikata suka ce in rufe katinsa na shiga, na rufe, aikina ne. Shi ba wanda ya gaya masa. Ya tsaya a ƙofar baya, wadda tagar ofishina ke kallo, ya ɗora katin, abin ya yi ƙara ya nuna ja. Ya goge katin a rigarsa ya sake. Ya juya shi ya sake. Ya hura masa iska ya sake. Taurin kai irin na tsofaffi, kowa ya san in ya ƙi sau biyu ya ƙi ke nan.

Rajistar nan mai jan rubutu a buɗe take a gabana, don kwanan nan nakan buɗe ta haka kawai. Duk ya ɗora katin sai layi ya fito a allona. Sau goma sha ɗaya. Na zauna ina kallon allo ina kallon taga.

Daga ƙarshe na sauka na buɗe masa. Na yi zaton zai yi mini ƙorafi, har na shirya amsa. Sai ya ce, "Injiniya, sannu da aiki, na tayar da kai. Ya ƙafar Hajiya? Ka ce mata kada ta yi wasa da awon suga." Muka shiga ya ɗauki kayansa. Da zai fita ya tsaya gaban ƙaramin firjin ya shafa robar ƙofar, ya ce, "Wannan ma ta fara saki, don Allah ka gaya wa wanda aka sa a wurina, ni ba sa sauraro na yanzu." Sannan ya dubi akwatin ƙararrawar ya ce, "Ni dai abin nan ne ya ɗaure mini kai. Bai taɓa yi mini haka ba."

Na ce masa kayan lantarki ne, haka suke.

Irin mutanen nan su ke sa aiki ya yi wa mutum nauyi. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Gobe Juma'a. Ba abin da ya canza, kawai na ce in gaya miki.

Injiniya

Laraba, 28 ga wata

Yaya,

Gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Inna tana gaishe ki, wannan karon daga bakinta na ji, ran Lahadi na je. Ƙafar ta kumbura fiye da yadda na zata, gobe zan kawo ta a duba.

Takardarki ta ran sha tara sai ran Asabar ta iso, da man inji a jikin ambulan. Na karanta a tsaye a tasha. Kin faɗi abin da kika faɗa.

Ran Juma'a da ƙarfe biyu na rufe ofis na zauna gaban rajistar. Na ce wa kaina so nake in ga ko da gaske tana goge kanta. Biyu da minti goma layin farko ya tafi. Bayan minti biyar na biyu ya bi shi. Ba ƙara, ba komai, lambar da ke ƙasa ce kawai take raguwa. Na yi sa'a guda a haka. Layi goma sha uku na bari suka tafi ina kallo, ba zan ɓoye miki ba. Ban san me ya tayar da ni ba, ina jin katin nan da yake hura wa iska ne. Ban san da wurin tacewar da kika faɗa ba, sai na kwashe rajistar gaba ɗaya, na yini ran Asabar ina tsince layukan da hannu.

Ran Litinin na kai wa kwamiti shafi ashirin da shida, da shafin da ke nuna wanda ya share lambar. Darakta ya karanta sunan, ya ɗago, ya sake karantawa. Ya ce, "Injiniya, ka san abin da ka kawo mana kuwa?" Na ce na sani. Shugabar nas-nas ta tambayi me da me kuma na share, na karanta musu shafi na tara daga littafinki. Da na kai maɓallin banɗakin ɗakin haihuwa ta dafe kai, ba ta sake duba inda nake ba.

Baba Mai Sito ya koma aiki jiya, ni na buɗe masa katinsa. Ni kuma an ba ni zuwa ƙarshen wata mai kamawa in miƙa aiki, ba za a sabunta kwantiragina ba. Matata ba ta yi mini magana ba tun ran Litinin. Darakta ya ce in tambaye ki ko za ki dawo, ya ce da kansa zai rubuto.

Na sayi littafi mai tauri ina rubuta bayanin miƙa aiki da hannu. Akwai na'ura uku a shafi na sha ɗaya da ban gane rubutunki ba, na kwafo su a bayan wannan takarda. In ba za ki amsa ba, na fahimta.

Injiniya

Litinin, 3 ga sabon wata

Ƙanina,

Muna lafiya. Gwaggo ta kira ni, ta ce ka zo har ka gyara mata fanka, ta ce kuma yanzu ya fi da ƙara.

Takardunka biyu tare suka iso. Sa'a guda kana kallon shaidar mutum tana narkewa, layi goma sha uku! Sannan yini guda kana tsince layi da hannu, maɓallin tacewa yana kallonka a gefen dama. In akwai makarantar da ke karɓar takardar shaida in an mayar, ka kai musu ta tsakiyar nan.

Ka gaya wa Darakta kada ya ɓata takardarsa. Ina nan lafiya a kamfanin fulawa, inda in na rubuta a ƙara wa saba wuri ana ƙarawa. Na'urorin ukun na rubuta maka su a baya da manyan baƙaƙe, yadda ko Injiniya zai iya karantawa. Ta ukun famfon rijiyar baya ne, ba ya magana sai tanki ya ƙafe. Ka sa shi a shafin ja. Kamfanin da ke haɗa mana kebul yana neman mai ja da ɗaurewa, aikin tsani ne, ba kujera ba fanka. In kana so ka turo takardunka, ban yi maka alkawarin komai ba.

Ka ce takardata sai ran Asabar ta iso. Na je tasha na tambayi direban da kaina, don ban yarda da kai ba, ya ce haka ne, ran Asabar da yamma ya miƙa maka. Ke nan kafin zagina ya same ka ka kwashe rajistar, saboda wannan kawai nake amsa maka.

Na buɗe lambarka. Ba sai ka riƙa damuna da kira ba, ban yi kewar muryarka ba. Amma ranar da ka buga, za ta shiga.

Yayarka, Mai Waya